Kujerar Ofis da Hakkin Daji

Wanda duk ya bi hanyar Zariya ta Gyadi-Gyadi ya ratsa Tarauni, zai ga kafintoci suna fama da tebura da kujerun ofisoshi. Mai saye yakan tambayi kuɗi, ba ya tambayar asalin katako, alhali kuwa nan maganar take.

Madobiya ta isa misali. Aka yi ta saranta ana kaiwa ƙasar Sin, har a 2016 yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ba a fitarwa sai da izini, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Maɗaci yakan daɗe kafin ya isa sara. Malaina kuwa dasa ta ake yi, tana saurin girma, ana sara ana mayarwa.

Saboda haka ya kamata attajiri ya zaɓi itacen dashe, ya kai tsohon tebur gyara. Katakon garin itace yana da sauƙin kuɗi, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura. Araha ba ta ado. Malamai kuma sun san dashen itace sadaka ce, ɓarna a bayan ƙasa haramun ce. Allah Ya sa a gane, amin.