Macen Da Ilmin Duwatsu Ya Kai Ta Sama

Yau zancenmu ya bar doron ƙasa ya nufi sararin samaniya.

Tsakanin 1969 da 1972 mutum 12 suka taka duniyar wata, dukansu maza. Ɗaya tak daga cikinsu ne masanin duwatsu, watau Harrison Schmitt, wanda ya tafi cikin kumbon Apollo 17 a watan Disamba na 1972. Tun daga lokacin ba wanda ya sake sa ƙafa a can. To, a 2020 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ware mutum 18 don shirinta na komawa wata mai suna Artemis. Rabinsu mata ne, ciki har da wata baƙar fata masaniyar duwatsu, Dakta Jessica Watkins.

An haifi Jessica a 1988. Ta yi digirin farko a Jami'ar Stanford, ta sami digirin dakta a 2015 a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, inda ta binciki zaftarewar ƙasa a duniyar Mas. Daga nan ta shiga ayarin masanan da ke aiki da Curiosity, wata mota mai sarrafa kanta da aka saukar a Mas a 2012. Mutum fiye da 18,000 suka nemi aikin 'yan sama jannati, a 2017 aka ɗauki 12, har da ita. Ran 27 ga Afrilu 2022 ta tashi zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ta yi kwana 170. Ita ce baƙar mace ta farko da ta yi irin wannan dogon zama a tashar.

Watakila uwargida ki ce, tun da na'ura na iya zuwa, ina amfanin jefa ran ɗan Adam cikin hatsari, ga kuma kashe maƙudan kuɗi? Maganarki abin dubawa ce. Amma ki lura, cikin shekara goma Curiosity ba ta cika tafiyar kilomita 30 ba. Su kuwa mutanen Apollo 17 sun zaga kilomita 35 cikin kwana uku, suka komo da duwatsu masu nauyin kilo 110. Schmitt ne ma ya hangi wata ƙasa mai ruwan lemo, aka gano burbushin aman wuta ne na tun fil azal. Idon masani kan gane abin da wani zai taka ya wuce. Shi ya sa ake neman irin su Jessica.

Saura ke, 'yar makaranta. Ki ƙirga shekarun nan da kyau. Jessica tana da shekara 33 kafin ta shiga kumbo, kuma kusan dukansu a kan karatu da horo suka tafi. Da an tsayar da ita a aji uku, da ba mu ji sunanta ba. Kada lissafi da kimiyya su ba ki tsoro, sannu ba ta hana zuwa.

Ke kuma uwargida, in kin ga 'yarki tana yawan tambaya a kan taurari, kada ki kwaɓe ta. Ki rage mata aikace-aikace da dare ta duba littafinta.

Sai mako mai zuwa.