Shaci-faɗi ba magani ba ne

Duk ƙwayar halitta mai rai tana ci, tana fitar da shara. Idan ta ƙona sukari, sai ta saki tsami cikin ruwan da ke kewaye da ita. Idan ta mutu, tsamin ya tsaya. A 1970 Piet Bergveld, ɗan ƙasar Holan, ya ƙirƙiro ƙaramin transisto na silikon mai jin sauyin tsami. A 1992 Harden McConnell na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka bayyana na'urar Cytosensor: a ɗora ƙwayoyi masu rai a kan faifan silikon, a zuba musu magani, cikin mintuna a ga yadda suka amsa.

Wasu masu ilimi na cewa wannan zancen masu ƙoshi ne, bai shafi mai zazzaɓi a ƙauyukan Kankiya da Kusada ba. Sun yi kuskure, domin shi ne wanda ake ɗura wa maganin kashe ƙwayoyin cuta bisa shaci-faɗi, ko bisa gwajin Widal da likitoci suka daɗe suna shakkar sahihancinsa. Renon ƙwayar cuta a ɗakin gwaji don gano maganin da ke kashe ta yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, shi kuwa majinyaci ba ya jira. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Wannan jiran ne masu bincike ke ƙoƙarin mayarwa sa'o'i da faifan silikon: idan tsami ya tsaya, maganin ya ci. Gaskiya ne na'urorin ba su yi arha ba tukuna. Amma GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, yau tana gano tarin fuka cikin kimanin sa'o'i biyu a asibitocin Najeriya, muddin akwai wuta da ƙwararru.

Kankiya tana da makarantar koyon fasahar lafiya. Abin da ya rage shi ne masu zaɓe su tambayi ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kankiya, Kusada da Ingawa: rabon babura, ko wutar sola da ɗakin renon ƙwayoyin cuta inda ɗalibai za su ƙware kafin na'urar ta iso?