MATA BA KAYAN LAYIN ZAƁE BA NE

Duk wanda ya san yadda zaɓe ke gudana a mazaɓar Nariya ta ƙaramar hukumar Kibiya, ko a ƙauyukan Rano da Bunkure, ya san layin mata ne ke fara cika tun da sanyin safiya. Ga mai goyo, ga tsohuwa da sandarta. Amma da zarar an gama ƙidayar ƙuri'u, shi ke nan an manta da su sai bayan shekara huɗu. Ladansu bai wuce sabulu da taliya da atamfa mai hoton ɗan takara ba. A zaɓen 2023, cikin kujeru 40 na Majalisar Dokokin Jihar Kano babu wadda mace ta samu.

Alhali kuwa ƙarfin iyayen gidan siyasa sai raguwa yake yi. A 2023 jam'iyya mai mulki ta rasa kujerar gwamnan Kano duk da dukiyar da ke hannunta. Masarautar Rano kanta, da alƙalami aka kafa ta a 2019, da alƙalami aka rushe ta a watan Mayun 2024, sannan aka dawo da ita da daraja ta biyu. Zamanin da mutum ɗaya ke zuba ƙuri'un gari a aljihunsa ya kama hanyar wucewa. Shi ya sa idon 'yan siyasa ya koma kan mata, ba don ƙauna ba, sai don su ne suka rage masu haƙurin tsayuwa a rana.

A nan mutane suka rabu biyu. Wasu tun taron Beijin na 1995 suke son a auna 'yancin mace da ma'aunin Turawa. Wasu kuma suna ganin mace ba ta da ta cewa a lamarin jama'a. Dukkansu sun kauce. Suratut Tauba, aya ta 71, ta haɗa muminai maza da mata a aikin horo da kyakkyawa da hani da mummuna. A Hudaibiyya, shawarar Ummu Salama (RA) Manzon Allah (SAWA) ya bi har sahabbai suka yanka hadayarsu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata.

Ko a siyasar zamani, Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri da duka a hannun 'yan doka saboda ta ce a daina zaluntar talaka. Matan kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, na Arewa kuwa sai a 1979. Abin da aka samu da wannan wahala ai bai kamata a sayar da shi a kan sandar sabulu ba.

Nauyin yana kan matasa. Abin kunya ne a ga saurayi mai zuwa masallaci ya zama ɗan jagaliya, yana raba wa iyayensa mata kayan cin hanci, ko yana yaɗa ƙazafi a waya ga matar da ta fito ta tambayi ina kuɗin asibiti suka shiga. Ƙazafi babban zunubi ne, ko a kan abokiyar hamayya. Wanda yake da ƙanwa ya tsaya mata ta yi karatu, na addini da na boko. Wanda yake da mata ya bar ta ta je Islamiyya. Macen da ta san haƙƙinta ba a sayen ta, kuma ba ta renon ɗan da za a saya.

Allah Ya ba al'umma mata masu ilimi da tsoron Allah, Ya shiryi matasanta, amin.