Baƙin Da Suka Tsaya Sa'ad Da Kowa Ya Rufe Ƙofa

A ranar 31 ga Maris 2020, Dakta Alfa Sa'adu, Galadiman Pategi, ya rasu a Ingila yana da shekara 68. Ya shafe kusan shekara arba'in yana duba marasa lafiya a can, ya yi ritaya amma bai ajiye aikin kwata-kwata ba, har cutar korona ta riske shi. Allah ya jiƙansa. Yana cikin likitoci huɗu na farko da annobar ta yi ajalinsu a Birtaniya. Sauran ukun, biyu 'yan asalin Sudan ne, ɗaya kuma na Pakistan.

A makonnin nan, duk daren Alhamis mutanen Birtaniya kan fito ƙofar gida su yi wa ma'aikatan lafiya tafi. Abin mamaki, baƙin da ke cikin waɗanda ake tafa wa suna biyan wani kuɗi na musamman kafin su cancanci magani a asibitocin da suke wa aiki. Sai da surutu ya yi yawa gwamnati ta yafe musu shi a watan Mayu 2020. Bayan shekara huɗu kuwa, aka hana sababbin masu kula da tsofaffi zuwa da iyalansu.

Faransa ta fi kyautawa a ganinmu. Ta rage shekarun zaman da ake buƙata kafin a nemi zama ɗan ƙasa daga biyar zuwa biyu ga baƙin da suka yi aiki a tsakiyar annobar, kuma ba ta tsaya kan likitoci ba: ta haɗa da masu shara, masu raino da masu karɓar kuɗi a kantuna. Zuwa Satumba 2021 fiye da mutum 12,000 sun samu. Wannan godiya ce da mutum zai riƙe a hannu ya bar wa 'ya'yansa.

To mu fa? Mun san lokacin da aka rufe makarantu a Maris 2020, aka kuma kulle Kano a watan Afrilu. Rediyo na ta shela a wanke hannu da sabulu, alhali famfunan unguwanni da dama sun daɗe da ƙafewa. 'Yan ga-ruwa ne suka riƙa turo kura cike da jarkoki har ƙofar gidajenmu, kuma da yawansu 'yan uwanmu ne daga Jamhuriyar Nijar, waɗanda rufe iyaka ya raba da gida. Haka wasu masu gadin da suka kwana da kujeru da allunanmu wata da watanni. Ba wanda ya tafa musu.

Mu malamai mun fi kowa sanin darajar baƙo. Manyanmu a wannan aiki da dama sun yi karatu a hannun malaman Ghana da Indiya da Pakistan, kuma har yau suna ba da labarin yadda azuzuwa suka zama wayam bayan korar baƙi ta 1983.

Ba mu da ikon ba kowa takardar zama ɗan ƙasa, amma rajistar aji a hannunmu take. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ga kowane yaro. Saboda haka wannan reshe yana kira ga shugabannin makarantu da kada su mayar da ɗan baƙo gida don ba shi da takardar haihuwa. A rubuta sunansa, takarda ta biyo baya. Malamin da ya ji yara na yi wa ɗan ajinsu gorin asali, ya tsawata nan take. Muna kuma roƙon wakilin kowace makaranta ya zo taronmu na gaba da adadin 'ya'yan baƙin da ke unguwarsa ba sa zuwa aji, domin mu miƙa wa sakataren ilimi kafin a buɗe sabon zango.