Allurar da Ta Fi Daɗewa a Gwiwa

A watan Satumba na 1948, Dokta Philip Hench na cibiyar Mayo da ke jihar Minesota a Amurka ya sa aka yi wa wata mata mai fama da amosanin gaɓɓai allurar wani sabon sinadari, wanda daga baya aka raɗa wa suna kotizon. Matar da ciwo ya kayar, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 Hench da wasu masu binciken sinadarin biyu, Kendall da Reichstein, suka karɓi kyautar Nobel.

Murna ba ta daɗe ba. Fuskokin majinyata suka kumbura, jini ya hau, suga ya hau, da an daina maganin kuma ciwo ya dawo. Sai likitoci suka ce to, a kai shi cikin gaɓar kai tsaye mana. Aka gwada, bai yi wani abin a zo a gani ba, domin kotizon sai ya bi ta hanta ta mayar da shi haidirokotizon kafin ya yi aiki. A 1951 Joseph Hollander na Filadelfiya ya nuna cewa haidirokotizon ɗin ne ya kamata a zuba a gaɓa. Kumburi ya sauka, amma sauƙin na kwanaki ne kawai.

A nan darasin yake, a ganina. An gano cewa maganin da ya fi jinkirin narkewa shi ya fi zama a gaɓa. Shi ya sa aka koma ga Depo-Medrol da Kenalog masu kai makonni, da kuma triamcinolone hexacetonide, wanda a gwajin da aka yi wa yara masu amosanin gaɓɓai a Italiya ya fi ɗan'uwansa acetonide, wato sinadarin Kenalog, daɗewa. Abin takaici, ya sha yin wuyar samu a kasuwa.

Ko wanne aka zaɓa, ƙwararren likita yakan fara zuƙo ruwan gwiwar da sirinji ya duba. In ya ga alamar mugunya, babu batun allura, don za ta hura wutar ƙwayoyin cuta ne. Mai ciwon suga kuma a gargaɗe shi, sugansa zai iya hawa na 'yan kwanaki.

Allura dai gaɓa ɗaya take kwantarwa, alhali garkuwar jiki ce ke yaƙar gaɓɓan baki ɗaya. Wannan yaƙin sai magunguna irin methotrexate, wanda Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 1988.