Sayen Ɗan Wasa Mai Laulayi: Riba Ce Ko Asara?

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar cinikin 'yan ƙwallo a Turai, watau a watan Janairu da kuma tsakanin Yuni da ƙarshen Agusta, sai gardama ta kaure a gidajen kallon ƙwallo na ƙasar Bagudo, tun daga cikin gari har Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Jamhuriyar Binin. Wannan ya ce ya ji a rediyo kulob kaza zai sayi wane, wancan ya ce shi kuwa ya gani a waya an fasa. A cikin gardandamin nan babu mai zafi kamar ta ɗan wasan gaba wanda kowa ya san gwani ne, amma kuma kowa ya san ba ya rabuwa da jinya. Shin a saye shi, ko kuwa a bar wa wani ya ɗauki nauyinsa?

Tambayar nan bai kamata ta zame wa mutumin Bagudo baƙuwa ba. Duk wanda ya taɓa shiga kara domin sayen san huɗa ya san ba a cinikin biri a sama. Sai ya duba haƙora, ya sa a kora san ya ga tafiyarsa. In ya ga ɗingishi ba lalle ne ya fasa ba; zai bincika ko ƙaya ce ta soke shi ko kuwa ciwo ne a gaɓa, sa'an nan ya taya gwargwadon abin da ya gani. Shari'a ma ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, ta kuma ba mai saye ikon mayarwa idan an ɓoye masa. Ɗan Adam dai ba dabba ba ne, kuma abin da kulob ya ke saye shi ne aikin ɗan wasa na wasu shekaru, amma hankalin ciniki ɗaya ne.

Labarin Boniface

Babu wanda maganar nan ta fi shafa a 'yan shekarun nan kamar Victor Boniface, ɗan wasan gaba na Nijeriya wanda aka haifa a Akure a shekarar 2000. Tun yana yaro a kulob ɗin Bodo Glimt na ƙasar Nowe, sau biyu babbar jijiyar cikin gwiwa tana tsinke masa, a 1 a shekarar 2019, na 2 kuwa a ƙarshen 2020, har ya rasa kakar wasa ta 2021. Duk da haka ya murmure, ya koma Union Saint-Gilloise ta Beljiyam, inda ya ci ƙwallo 6 a gasar Europa ta 2022 zuwa 2023, babu wanda ya fi shi. Ganin haka Bayer Leverkusen ta Jamus ta saye shi a watan Yuli na 2023 a kan kuɗi kimanin Yuro miliyan 20. A kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 14 a gasar Jamus, kulob ɗin kuwa ya ɗauki kofin gasar karo na farko a tarihinsa, ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba a wasa 34.

Amma a cikin wannan kakar ce ya ji ciwo a matsematsi a watan Janairu na 2024, yana sansanin 'yan wasan Nijeriya, aka yi masa aiki, ya rasa gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddebuwa, bai dawo ba sai a watan Afrilu. A watan Nuwamba na shekarar tsokar cinya ta sake kwantar da shi. A watan Janairu na 2025 jaridu suka cika da labarin Al-Nassr ta Saudiyya za ta saye shi a kan kuɗin da aka ce ya kai Yuro miliyan 60, daga baya sai kulob ɗin ya juya ya sayi Jhon Duran. A watan Agusta kuma ya sauka birnin Milan domin gwajin lafiya, bayan an daidaita a kan aro da zaɓin saye; likitoci suka duba shi, AC Milan ta janye. Ran 1 ga watan Satumba na 2025 aka ba Werder Bremen aronsa. Cikin wata 7 ke nan hajar da aka yi wa kuɗi miliyan 60 ta koma abin aro.

Masu karatu su lura da lissafin nan. A kaka 2 da ya yi a Leverkusen an buga wasa 68 na gasar Jamus, shi kuwa ya shiga 42, ya ci ƙwallo 22. Watau in yana fili, a kowane wasa 2 akwai ƙwallo 1, abin da 'yan wasa kaɗan ne ke iyawa. Amma wasa 26 ba a gan shi ba, mafi yawansu saboda jinya, albashinsa kuwa yana tafiya. Masu yabonsa a gidajen kallo suna riƙe da lissafi na farko, masu kushe shi suna riƙe da na biyu, kowa kuwa da gaskiyarsa.

Abin da rashin gwani ke jawowa

Mutanen bakin iyaka sun fi kowa sanin abin da rashin mai cin ƙwallo ke jawowa, domin sun sha ba'ar maƙwabta a kai. A wasannin neman shiga gasar cin kofin duniya ta 2026, Nijeriya ta buga wasa 4 na farko ba Victor Osimhen saboda rauni, ba ta ci ko ɗaya ba. Na 4 ɗin shi ne na ran 10 ga watan Yuni na 2024 a Abijan, inda Binin ta doke mu da ci 2 da 1, Steve Mounie ya jefa ta biyu. Da aka sake haɗuwa a Uyo ran 14 ga watan Oktoba na 2025, Osimhen yana fili, aka tashi 4 da nema, shi kaɗai ya ci 3. Wata guda bayan haka, a Rabat ta ƙasar Maroko, rauni ya fitar da shi a hutun rabin lokaci a karon ƙarshe da Kwango, aka fitar da Nijeriya a bugun fanareti. Ƙasa ba ta da zaɓi, da ɗanta za ta yi. Kulob kuwa yana da zaɓi, saboda haka idan ya ɗora dukkan begensa a kan gwiwar mutum ɗaya, laifinsa ne.

Ciwo iri-iri ne

Kuskuren da a ke yawan yi shi ne a haɗa dukkan ciwo a kira shi laulayi. Akwai ciwon tsautsayi, kamar karaya, wanda in ya warke ya warke. Akwai ciwon tsoka mai yawan dawowa, wanda ba ya kashe sana'a amma yana cin makonni. Akwai kuma ciwon gaɓa, inda guringuntsin gwiwa ya ke zaizayewa, shi kuwa ba ya komawa yadda Allah ya halicce shi.

Tarihi ya nuna ana cin riba idan ciwon mai gyaruwa ne. A 1996 likitocin Inter Milan suka gano Nwankwo Kanu yana da matsala a zuciya, aka yi masa aiki a Amurka a watan Nuwamba na shekarar. Mutane da yawa suka ce ta ƙare masa. A farkon 1999 Arsenal ta saye shi a kan fam miliyan 4 da 'yan kai, kafin shekarar ta fita ya ci Chelsea ƙwallo 3 cikin minti 15, ya kuma sake zama gwarzon Afirka. Haka nan Manchester United ta dakatar da sayen Ruud van Nistelrooy a watan Afrilu na 2000 saboda likitocinta ba su gamsu da gwiwarsa ba. Kwanaki kaɗan bayan haka jijiyar ta tsinke wajen atisaye. Kulob ɗin ya haƙura shekara guda, ya saye shi a 2001 a kan fam miliyan 19, shi kuwa ya saka masa da ƙwallo 150 a wasa 219.

Amma ba kowace gwiwa ke dawowa ba. Daniel Amokachi, ɗan Kaduna wanda ya tashi a Ranchers Bees, ya ci ƙwallo 2 a gasar duniya ta 1994, ya kuma ɗauki kofin FA da Everton a 1995. Ciwon gwiwa ya kama shi a lokacin gasar duniya ta 1998. Bayan ya bar Besiktas ta Turkiyya a 1999, kulob ɗin 1860 Munich ya so ɗaukarsa, gwajin likita ya hana. Bai cika shekara 30 ba wasansa a Turai ya ƙare. A nan likitocin ne suka yi gaskiya.

Kada kuma wani ya zaci sayen lafiyayye shi ne tsira. Umar Sadiq, wani ɗan Kaduna, ya ci ƙwallo 38 a kaka 2 a rukuni na biyu na Sifen, ya taimaka Almeria ta hau rukunin manya. Real Sociedad ta saye shi ran 1 ga watan Satumba na 2022 a kan kimanin Yuro miliyan 20, ya ci gwajin lafiya, ya jefa ƙwallo a ragar Atletico Madrid a wasansa na farko. Ran 11 ga watan, a karawa da Getafe, jijiyar gwiwa ta tsinke, ya rasa sauran kakar duka. Babu cinikin ɗan wasa da ba shi da kasada. Bambancin kawai shi ne, ta mai laulayi a fili ta ke, ana iya sa ta cikin farashi.

Sharuɗɗan saye

A ganinmu ana iya sayen irin wannan ɗan wasa, har a ci riba, muddin an cika sharuɗɗa 3. Na farko, maganar likita ta zama a gaban maganar dillali. Dillali la'ada ya ke nema, kulob mai sayarwa yana son masu tayi su yi yawa, jarida kuma tana son a saye ta; daga nan ne yawancin ji-ta-ji-ta ke fitowa. A cikinsu babu wanda zai biya albashi idan ɗan wasa ya kwanta.

Na biyu, a raba kasadar tsakanin mai saye da mai sayarwa da ɗan wasan kansa. A watan Janairu na 2011 Stoke City ta ƙi Demba Ba na Senegal saboda gwiwa. West Ham ta ɗauke shi bisa yarjejeniyar da ta danganta biya da yawan wasan da ya buga, ya ci ƙwallo 7 a wasa 12, a kaka ta gaba kuma ya ci wa Newcastle 16. Aro da zaɓin saye, kamar yadda Milan ta nema tun farko, hanya ce mai kyau ta wannan fuskar.

Na uku, kada ya zama shi kaɗai ne mai cin ƙwallo. Abin da ya rufa wa Leverkusen asiri shi ne tana da Patrik Schick, wanda ya ci ƙwallo 21 a gasar Jamus a kakar 2024 zuwa 2025. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, sai ya tanadi ƙwarya a ƙarƙashi. Kulob mai ƙaramin ƙarfi wanda ba zai iya biyan gwanaye biyu ba, gara ya nemi matsakaici wanda za a gani a fili kowane mako.

Mu dawo gida

Gardamar Milan da Leverkusen ba za ta ƙare mu da kome ba idan ba mu duba namu yaran ba. Samarinmu suna buga ƙwallo a busasshen fili mai tauri, wasu ma ba takalmin kirki. Idan gwiwa ta juya ta kumbura, sai a kai yaro wurin maɗori. Maɗoranmu suna da sani a kan karaya da targaɗe, ba mai raina musu. Amma jijiyar da mu ke magana a kanta tana can tsakiyar gaɓa ne, ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa daga na cinya, hannu ba ya kai gare ta. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, sai na'urar da a ke kira MRI. Idan ta tsinke, galibi sai an yi aiki an dasa wata, sa'an nan a yi jinya da motsa jiki na wata 6 zuwa 9 ko fiye. Alamunta kuwa ba ɓoyayyu ba ne: jin ƙara a cikin gwiwa lokacin faɗuwa, kumburi cikin sa'o'i kaɗan, da kuma gwiwa ta riƙa sakin mutum in ya juya da sauri. Wanda ya ga haka ya nufi asibitin koyarwa na Birnin Kebbi ko na Sakkwato tun da wuri.

Yaron da ya ɗaure gwiwa ya ɓoye ciwo domin zuwa gwaji a Kano ko Ikko ko Kwatano, kansa ya ke cuta, domin kowane wasa da ya buga a kan tsinkakkiyar jijiya guringuntsinsa ya ke ci. Boniface ya dawo bayan tsinkewa biyu ne saboda ya faɗa hannun likitocin da suka san aikin, kulob ɗinsa kuma ya yi haƙuri da shi.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar da ke kula da wasanni da hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Kebbi su sa doka kada a yi wa ɗan wasa rajista a kulob sai da takardar likita, a kuma yi masa inshora, yadda idan ya ji ciwo a bakin aiki ba za a bar wa iyayensa kuɗin magani ba. Kebbi United da sauran ƙungiyoyin jihar su ne ya kamata su fara. Masu shirya gasar ƙauyuka a ƙaramar hukumar Bagudo su ma su ware wani abu daga kuɗin shiga domin jinyar wanda ya faɗi a fili. Allah ya ba majinyata lafiya, ya kare samarinmu daga tsautsayi, amin.