Biyotin ba ya dawo da gashin da kitso ya cinye

Kwalaben biyotin sun cika kemis-kemis da shafukan masu tallar kayan gyaran jiki, kowace da alkawarin cewa in mace ta sha na wata biyu gashinta zai sauko har gadon baya. Akwai ƙanshin gaskiya a tallar: biyotin, wato bitamin B7, yana cikin abubuwan da jiki ke sarrafa abinci da su, kuma wanda ya rasa shi gashinsa kan zube. Sai dai abin da baligi ke buƙata a rana mikirogiram 30 ne kacal, kuma gwaiduwar ƙwai da hanta da gyaɗa da dankalin Hausa duk suna ɗauke da shi. Ƙwayar kemis kuwa takan ƙunshi 5,000 ko 10,000. Ta biyun ta ninka buƙatar jiki sama da sau 300. Jiki ya ɗebi ɗan abin da yake so, ragowar ta bi fitsari, tare da kuɗin mai saye.

A 2017 wasu likitocin fata a Amurka sun tattara rahotannin da aka buga kan biyotin da gashi ko farce. Sun samu mutum 18 da suka amfana, kuma kowannensu yana da wata lalura da ta riga ta shafi gashin ko farcen. Masu ƙarancin biyotin na gaske sanannu ne: yaran da suka gaji matsalar sarrafa shi, masu daɗewa kan wasu magungunan farfaɗiya, mashaya giya, da masu yawan shan ɗanyen farin ƙwai, wanda ke ɗaure bitamin ɗin a hanji. Mafi yawan masu kukan zubewar gashi a garuruwanmu ba sa cikin wannan sahu. Matar da gaban goshinta ya cinye, a duba tsananin jan kitso da ƙarin gashi da man miƙar da gashi. In aka daɗe ana ja, saiwar kan mutu, kuma babu ƙwayar da ke tayar da ita. Wata ƙarancin jini ne ke damunta, wata ciwon maƙoƙo. Sanƙon maza gado ne da aikin sinadaran jiki, makeron yara kuma maganin cutar fata yake so.

Za a ce ai wance ta sha, gashinta kuma ya dawo. Ba a ƙaryata ta ba. Amma yaushe ta fara sha? Galibi wata uku ko huɗu bayan haihuwa, ko bayan doguwar jinya, lokacin da gashi ke zuba ya cika mataji. Irin wannan zubewar kan tsaya da kanta cikin watanni, a sha magani ko kada a sha. Biyotin ya tarar da gashi yana hanyar dawowa, sai ya karɓe yabon.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa ko bai yi amfani ba ai ba ya cutarwa. Nan ma da sauran magana. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yawan biyotin a jini yana gurɓata sakamakon gwaje-gwajen asibiti, ta kuma sabunta gargaɗin a 2019. Yana iya nuna ciwon maƙoƙo ga mai lafiya, yana iya ɓoye alamar bugun zuciya ga wanda ke cikinsa, har hukumar ta ambaci mutuwar wani majinyaci da gwajinsa ya fito ba daidai ba. Mai shan biyotin ba ta ɗaukarsa magani, don haka in likita ya tambaya me take sha, sai ta ce babu. Gara a kashe kuɗin kwalaben a gwada jini a gano ainihin matsalar, kuma sassauta kitso ko sisi ba ya ci. Wadda ta riga ta fara sha, ta faɗa wa likita kafin a ɗebi jininta, domin akan ce a dakatar da shi na 'yan kwanaki tukuna.